Ƙurungu da Danginsa a Akwatin Gilashi: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Babu masuncin da ke shiga ruwa a Kwara, ko Binuwai, ko gulbin Argungu, ko tafkin Chadi, wanda bai san ƙurungu ba. Kifi ne mai taurin kai da gashin baki, da ƙayoyi uku, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe. In ya faɗa taru sai ya miƙe su ya kafe, mai cire shi kuwa in bai yi hankali ba ya sha suka. In aka ɗaga shi daga ruwa yakan yi wata 'yar ƙara, wadda ke fitowa daga gugar gindin ƙayar gefensa da ƙashin kafaɗa. A kasuwa kashi-kashi ake sayar da shi, ɗanye ko banda, ba a kuwa lissafa shi cikin manyan kifaye irin su giwan ruwa.

Abin da yawancin masunta ba su sani ba shi ne, wannan kifi da ake rainawa yana da masu nema a ƙasashen waje. Tun yana ƙarami kamar ɗan yatsa ake kama shi da rai, a kai shi Legas, a ɗura a leda da ruwa da iska, a sa a jirgin sama zuwa Ingila da Jamus da Amurka da Jafan. Can ba cinsa ake yi ba, ajiye shi ake yi a akwatin gilashi cikin ɗaki, ana ciyar da shi ana kallo, kamar yadda wasu ke kiwon tantabaru ko aku. Wannan al'ada ta shigo biranen ƙasar nan, ana ganin akwatunan a masaukin baƙi da ofisoshi da makarantu da gidajen masu hali. Saboda haka hakimi zai iya wayar gari ya ga ɗan kasuwa ya zo neman iznin sayen kifi mai rai daga masuntan ƙasarsa, ko saurayi ya zo neman shawara a kan wannan sana'a, ko kuwa a kawo masa wani baƙon kifi da aka kama a tafki, wanda Sarkin Ruwa kansa bai taɓa ganin irinsa ba. Don irin waɗannan ranaku aka shirya wannan bayani.

Dangin masu gashin baki

Mutanen Sin sun fi shekara 1,000 suna kiwon jan kifi don ado a tafkuna da tukwane. Akwatin gilashi kuwa a tsakiyar ƙarni na 19 ya bayyana a Ingila, a shekarar 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na Landan. Daga can abin ya bazu.

Tarwaɗa da ramboshi da ragon ruwa da minjirya da ƙurungu duk dangi ɗaya ne a wurin masana, irinsu kuwa ya haura 3,000 a duniya. Abu uku suka haɗa yawancinsu. Ba su da ɓawo irin na karfasa, fata ce zalla, ko kuwa sulke na ƙashi. Suna da gashin baki, wanda da shi suke lalube suna ɗanɗana abinci cikin duhu. Sa'an nan mazauna gindin ruwa ne, sun fi walwala da dare. Wanda ya riƙe waɗannan uku a ransa ya san rabin kiwonsu, gama daga gare su ne dukan ƙa'idodin da za a ambata suka fito.

Ƙurungu kansa ya kai iri 130 ko fiye a kogunan Afirka, masana suna kiran zuriyar Synodontis. Wanda ya fi shiga kasuwar ado daga ruwayen wannan yanki shi ne Synodontis eupterus, mai dogon fiffike a baya kamar gashin tsuntsu, wanda ake samu a Kwara da Bolta da ruwayen Chadi da Farin Nilu. Yana ƙarami jikinsa zane-zane ne masu murɗewa, in ya girma zanen ya wargaje ya koma ɗigo-ɗigo. Yakan kai inci 8 ko fiye a akwati, in an kula da shi kuwa ya wuce shekara 15 da rai. Wanda ya saye shi ya san ba baƙon kwana biyu ya yi ba.

Akwai kuma masu iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa. Na Kwara da Chadi da Nilu shi ne Synodontis batensoda, wanda Misirawan dauri suka zana a bangon kaburburansu, har suka ƙera siffarsa da zinariya don ratayawa. Na kogin Kwango, Synodontis nigriventris, bai wuce inci 4 ba, shi ya sa masu ƙananan akwatuna suka fi sonsa. Sauran kifaye bayansu ne mai duhu, cikinsu fari. Waɗannan kuwa cikinsu ne ya fi duhu, domin shi ke fuskantar sama inda tsuntsaye ke dubowa.

Minjirya ma akan ajiye ta, amma ita kaɗai, ba a haɗa ta da kowa. Babba takan buga wuta mai ƙarfin bolt 350, ba abin sa wa yara a makaranta ba ce. Tarwaɗa kuwa ba ta dace da akwatin ɗaki ba sam. Cikin wata 6 ta cika shi, ta haɗiye duk abin da ya shiga bakinta. Wurinta tafkin kiwo.

Daga Amurka ta Kudu ake kawo wasu iri uku da suka cika shagunan masu sayar da kifin ado. Na farko koridoras, ɗan ƙarami mai sulke, inci 2 zuwa 3, mai son zama cikin taro. Na biyu ansistiras, mai baki kamar ƙahon wanzami, wanda ke liƙewa jikin gilashi yana kankare gansakuka, bai wuce inci 5 ba, namijin yana da tsiro-tsiro a hanci. Na uku fileko, ɗan'uwan ansistiras ne, ana sayar da shi yana inci 3, amma yakan kai inci 18. Za a komo kan maganar fileko a gaba, domin shi ne ya fi shafar hakimai.

Akwati da ruwa

Akwati mai tsawon ƙafa 2, faɗi ƙafa 1, zurfi ƙafa 1, yana cin kamar lita 55, watau jarka 2 da ɗan ɗori. Wannan ya ishi koridoras 6. Mai ƙafa 3 da inci 18 da inci 18 yana cin kamar lita 190, shi ne mafi ƙanƙantar da za a ba ƙurungu mai fiffike guda ɗaya. Kowace lita kilo guda ce, in an haɗa da gilashi da yashi nauyin ya wuce buhu 4 na siminti. Saboda haka a nemi tebur mai ƙwari wanda ya zauna daidai, gama in kusurwa ɗaya ta fi sauka, gilashin yakan tsage. A kafa shi nesa da taga, domin rana tana dafa ruwa tana kuma yaɗa gansakuka. A yi masa murfi, ƙurungu yakan yi tsalle da dare.

A shimfiɗa yashin gulbi mai laushi, a wanke shi har ruwan ya fito garau. Tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin bakin kifi, wanda ya rasa shi kuwa ya zama kamar makaho da aka ƙwace wa sanda. A sa maɓoya, ko ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kwantar, ko guntun bututu, ko saiwar itacen da ya daɗe a ruwa. Kowane ƙurungu ya sami tasa, a ƙara guda, in ba haka ba babban ya hana ƙananan sakat. Abin mamaki, kifin da ya sami wurin ɓuya shi ke yawan fitowa a gan shi, wanda aka bari a fili kuwa kullum yana maƙure a lungu.

Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin da ake zubawa don kashe cuta, yana kuwa ƙona sassan numfashin kifi. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana 2, ko a ɗiga masa maganin da ake sayarwa don wannan aiki. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin iskar shaƙa, shi ma a bar shi ya kwana ana hura masa iska.

To, ga abin da ya fi kashe kifi a hannun sabon shiga, wanda kuma ido ba ya ganinsa. Kifi yana fitar da ƙazanta cikin ruwan da yake zaune, ragowar abinci ma tana ruɓewa a ciki. Daga nan wani dafi ke fitowa, sunansa amoniya, shi ne mai zarnin da ake ji a makewayi. A kogi ruwa yana wucewa da shi. A akwati babu inda za shi. Amma Allah ya halicci waɗansu ƙananan halittu, bakteriya, masu zama a jikin yashi da soso, waɗanda amoniya ne abincinsu. Su ke juya shi ya zama naitirait, wanda shi ma dafi ne, gama yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Wasunsu kuma su juya naitirait ya zama naitiret, wanda cutarsa kaɗan ce, tsire-tsiren ruwa suna sha, sauran a kwashe shi da canjin ruwa. Sabon akwati ba shi da waɗannan halittu da yawa, sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yaɗu. Wanda ya cika akwati yau, ya zuba kifi 20 gobe, cikin mako guda zai ga suna haki a saman ruwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ruwan kuwa fari tas, har ya soma zargin maita ko sammu. Ba maita ba ce, gaggawa ce.

Maganin abin shi ne a kafa akwati da matacinsa, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kowace rana ba tare da kifi ba, har wata guda ya wuce, sa'an nan a soma sa kifi biyu-biyu ko uku-uku, mako-mako. In an sami soso daga tsohon akwati mai lafiya, a sa shi, ya zama kamar tsohon nono da ake zuba wa madara don ta yi kindirmo. Mataci mafi sauƙi soso ne da ɗan injin hura iska. In soson ya toshe a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, kada a wanke shi a famfo ko da sabulu, domin yin haka kashe ma'aikatan ne. Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, daga ƙasa inda dauɗa ke taruwa, a mayar da sabo. Kwashe ruwa duka a wanke akwati fes, kamar yadda masu son tsabta kan yi, komawa ranar farko ne. Kafin a sa hannu a ruwa kuwa a cire duk abin da ke jone da lantarki.

Zafi, abinci da cuta

Yawancin littattafan wannan sana'a a ƙasashen sanyi aka rubuta su, damuwarsu ita ce yadda za a ɗuma ruwa. A ƙasar Hausa matsalar ta juya. Ƙurungu yana jin daɗin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Selshiyas, yana kuma jure abin da ya ɗan haura, tun da ɗan gida ne. Koridoras ya fi son 22 zuwa 26. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ruwan da ke ɗaki mai rufin kwano yakan wuce 30, ruwa kuwa gwargwadon zafinsa gwargwadon ƙarancin iskar da yake riƙewa. In aka ɗauke wuta a irin wannan lokaci, injin ya tsaya, sa'o'i kaɗan sun isa a yi hasara. Tarwaɗa tana da wata halitta a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, koridoras ma yakan haura sama ya haɗiyi iska, hanjinsa ya tsotse ta. Ƙurungu ba shi da ko ɗaya. Saboda haka mai kiwo ya tanadi injin da ke aiki da batir ko hasken rana, ya rage yawan kifi, ya zaɓi ɗaki mafi sanyi a gidan. Da hunturu kuma ya rufa akwatin da bargo da dare.

Masu shago sukan ce wa mai saye waɗannan kifaye masu shara ne, ba sa bukatar abinci, dauɗar sauran kifaye suke ci. Wannan ƙarya ce, ta kuwa kashe kifi da yawa da yunwa. Waɗannan kifaye ba sa iya rayuwa da kashin wasu. A ba su abinci mai nutsewa ƙasa, da almuru bayan an kashe fitila, gwargwadon abin da za su cinye nan da nan. Ƙurungu da koridoras suna son tana da aka wanke aka yayyanka, da tsutsar sauro, da shinge a farkon damina. Ansistiras ɗan ganye ne, a ba shi yankin kabewa ko kokwamba ko alayyafo da aka ɗan tafasa, a cire ragowar da safe, a kuma sa masa guntun itace ya riƙa gwaguya. Babban ƙurungu yakan haɗiye ƙananan kifaye da dare, kada a haɗa shi da abin da zai shiga bakinsa.

Cutar da ta fi yawa ita ce farin ɗigo, jikin kifi ya yi kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta gugar duwatsu. Wata 'yar halitta ce mai shiga fata, sanyi na farat ɗaya da wahalar tafiya ke ba ta dama. Akwai magani a shago, amma tun da waɗannan kifaye ba su da ɓawo, magani yana ratsa su fiye da sauran, musamman wanda aka haɗa da tagulla. Masu kiwo sukan fara da rabin awon da aka rubuta. Rigakafi ya fi magani, duk sabon kifi, ko daga shago ko daga gulbi, a ware shi mako 3 ko 4 a wani mazubi dabam kafin a haɗa shi da na gida. In za a kama ƙurungu kuwa a kore shi cikin kofi ko roba, gama in ƙayarsa ta sarƙe a koma, sai dai a yanke komar.

Hayayyafa

A nan ne baƙi da 'yan gida suka rabu. Koridoras ya daɗe yana haihuwa a hannun mutane. Mai ɗigo-ɗigo, wanda Charles Darwin ya samo a tafiyarsa ta Amurka ta Kudu, tun shekarar 1878 wani Bafaranshe, Pierre Carbonnier, ya hayayyafa shi a Faris. Dabarar kuwa kwaikwayon damina ce. A ware mace ɗaya da maza biyu, ko mata biyu da maza huɗu. Macen ita ce mai girma da faɗin ciki in an dube ta daga sama. A ƙosar da su da tana da tsutsa mako 1 ko 2. Sa'an nan da yamma a kwashe rabin ruwan, a mayar da wanda ya fi shi sanyi da digiri 2 ko 3, irin na randa, a ƙara hura iska. Kifin sai ya ɗauka ruwan sama ya sauka. In bai amsa ba a maimaita kwana 2 ko 3.

Sa'ad da abin ya kama, mazan sukan dinga bin macen, har ɗaya ya gitta a gabanta, ta kafa bakinta a gefen cikinsa. A shekarar 1995 waɗansu masana na Jafan suka nuna cewa haɗiye ruwan namijin take yi, ya bi ta hanjinta da sauri ya fito daidai kan ƙwan. Ita kuwa ta riga ta haɗa fikafikan cikinta biyu kamar aljihu, ta saka ƙwai 2 zuwa 4 a ciki. Sai ta tafi da su ta share wuri a jikin gilashi ko ganye, ta manna, ta komo. Haka za ta yi ta yi har ƙwai su kai 100 ko 200. Iyayen ba sa reno, cinyewa ma suke yi, don haka a fitar da su, ko a murzo ƙwan da yatsa a hankali zuwa wani mazubi mai ruwan akwatin. Wanda ya yi fari fat bai ɗauka ba, a tsince shi tun bai yi fumfuna ya shafi na kusa ba. Cikin kwana 3 zuwa 5 suke ƙyanƙyashewa, su yi kwana 2 ko 3 suna rayuwa da gwaiduwar da ke cikinsu, daga nan a soma ba su artemiya, watau 'ya'yan jatan landen ruwan gishiri, waɗanda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka saba saye a gwangwani. Kullum a canza musu ɗan ruwa.

Ansistiras ya fi wannan sauƙi, aikin ma uban ne ke yi. A ba shi bututun ƙasa mai toshe a gindi, wanda ya ɗan fi jikinsa faɗi. Macen ta shiga ta saka curin ƙwai masu ruwan gwaiduwa ta fita, namijin ya tsare ƙofa yana yi musu fifita da fikafikansa, da ƙyar yake fita cin abinci, har su ƙyanƙyashe bayan kamar kwana 5, su ƙara wasu kwanakin a kogon kafin su fito.

Ƙurungu kuwa sai a hankali. A kogi yana jiran cikar ruwa ne, tsakanin Yuli da Oktoba, sa'ad da gulbi ya malala cikin fadama, ya watsa ƙwansa cikin ciyawar da ruwa ya shanye, 'ya'yan su tashi cikin yalwar abinci. Wannan kuwa ba ya kwaikwayuwa a akwatin ƙafa 3, shi ya sa da wuya a ji ƙurungun Kwara ya haihu a ɗaki don kansa. Manyan gonakin kifin ado na waje allura suke yi masa, irin wadda ake yi wa uwar tarwaɗa, a tatsi ƙwan da hannu. Ta wannan hanya har sun gauraya iri da iri, suka cika kasuwa da ruwa-biyu waɗanda babu su a kowane kogi. Akwai dai waɗansu ƙananan ƙurungu na tafkin Tanganyika masu haihuwa a akwati, ɗaya daga cikinsu kuwa ɗan wayo ne. Wasu dangin karfasa na wannan tafki a baki suke renon ƙwansu. Shi kuwa sai ya faki lokacin da suke sakawa, ya kutsa ya zuba nasa, uwar ta kwashe duka a bakinta. Nasa su riga ƙyanƙyashewa, su cinye nata, ita tana ta reno ba ta sani ba. Wani masani Bajafane, Tetsu Sato, ya bayyana wannan a shekarar 1986.

Ma'anar wannan ga ƙasar nan ita ce, ƙurungun da ake fitarwa daga nan, fadama ce ke haifarsa. Ga samari masu ƙyanƙyasar tarwaɗa kuwa akwai ƙofa a buɗe, tun da allurar da tatsar ƙwan aikinsu ne na yau da kullum. Mai son gwadawa ya nemi shawara a Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, bakin tafkin Kainji.

Abin da ya shafi hakimi

Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta shekarar 1992 ta hana kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki, ta kuma hana shigowa da kifi mai rai ko fita da shi sai da iznin ministan da abin ya shafa. Jihohi suna da nasu dokokin a kan raga da lokacin kamu. In ɗan kasuwa ya zo sayen kifin ado, a nemi ganin takardunsa, a haɗa shi da Sarkin Ruwa da malamin kifi na ƙaramar hukuma. Kada a yarda a zuba magimfa ko maganin ƙwari don a sumar da kifi. Wanda ya farfaɗo ma ba ya kai labari, ga kuma dubban da suka mutu a banza. Gura ko ƙaramar koma sun isa. Kada kuma a bari a share fadama da gidan sauro lokacin da 'ya'yan kifi ke ciki, domin na ci da na ado duk nan suke tashi. Masunta su san kifin da ya kuje ko ya karye ƙaya ba ya sayuwa. A ajiye shi a inuwa, a hana shi abinci kwana 1 ko 2 kafin tafiya don kada ya ɓata ruwansa, a sa shi a leda riɓi biyu saboda ƙaya, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iska.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Fileko in ya yi wa akwati girma, mai shi yakan ji tausayin kashe shi, sai ya kai shi tafki ko gulbi ya saki. Ta haka ya shiga ruwayen Fulorida da Teksas a Amurka, da Filifin da Indiya. Sulkensa ya hana yawancin masu farauta cinsa, ƙayarsa tana yayyaga taru, yana haƙa ramuka a gaɓa har ta zube, yana kuma kwashe abincin kifin gida. A madatsar Infiyarniyo ta ƙasar Meziko ya rinjayi karfasar da dubban masunta ke ci da ita, har suka raɗa masa suna kifin shaiɗan. Bangaladash ta haramta shigo da shi da kiwonsa da sayar da shi a shekarar 2023. Haka wata tarwaɗar Asiya da aka kai Fulorida don ado ta kuɓuce a shekarun 1960, ta bazu a kudancin jihar. Ƙasashen nan duka masu ɗumi ne, ruwan Kwara da Haɗeja da Chadi kuwa ba zai yi wa fileko sanyi ba. Masuntan Yawuri sun riga sun ga misali a baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure. Ita ma daga Amurka ta Kudu ta fito, don kyan furenta aka yaɗa ta a duniya, ta shigo Nijeriya ta Badagiri a shekarar 1984, daga baya ta kai tafkin Kainji tana toshe hanyar jirage da mashigar taru.

Saboda haka ya kamata a sanar ta bakin dagatai da masu unguwanni, da limamai in ta kama, cewa kada kowa ya saki kifin akwati ko tsiron akwati a gulbi ko tafki ko kududdufi ko magudana. Wanda ya gaji da nasa ya mayar wa mai shago, ko ya ba wani mai kiwo, in ya rasa ya kashe shi ya binne.

In masunci ya kamo kifin da ba a sani ba, kada a mayar da shi ruwa. Malamin hakimi ya rubuta ranar da aka kama shi, da sunan ruwan da mashigar, da irin kayan da aka kama shi da su, da tsawonsa, da ko guda nawa ne. A ɗauki hotonsa ta gefe da ta ƙasa inda baki yake, a sa shi a ƙanƙara, in babu a cika shi da gishiri, a aika da shi tare da takardar zuwa ofishin kula da kamun kifi na jiha.